Babbar Rigar Sufyanu da Ba Ta Nutsewa

Sufyanu tela ne a Yelwa, shagonsa na kan hanyar da ke gangarawa bakin ruwa. Ba a ce bai iya ɗinki ba, in ya ga dama yakan fitar da wuyan riga ya zauna daram. Baki ne ya yi masa yawa. In ya ɗinka maka wando, sai ya haɗa maka da bayanin da ya fi wandon tsawo.

Maƙwabcin shagonsa, Basiru mai cajin waya, shi ya jawo abin da ya faru. Wata rana da aka ɗauke wuta, Basiru ya zauna a bencin Sufyanu yana kallon wani bidiyo. Wani Bature ne mai sanƙo, sanye da baƙar riga, yana kai da kawowa a kan dandamali da ɗan makirfo maƙale a kumatu. In ya yi magana sai ya tsaya ya yi shiru, jama'a su yi ta tafi.

Sufyanu ya leƙo ya ce, "Mi yaka hwaɗi haka, mutane na ta tahi?"

Basiru ya ce, "Dizaina ne, masu ƙirƙiro abubuwa. Cewa ya yi, duk mai son ya ƙirƙiro abu, ya nemi matsalad da mutane sunka saba da ita har sunka daina ganinta."

Sufyanu ya ajiye almakashi. Ya ce, "Wallahi maganata ce. Na daɗe ina hwaɗin haka, ba ni da sanƙo ne kawai."

Tun daga ranar ya bar sauraron rediyo. Basiru ya cika masa waya da irin waɗannan jawabai, shi kuwa Turancinsa na firamare bai wuce gaisuwa ba, don haka abin da Basiru ya ga dama ya fassara masa, shi ne ilimi. Sufyanu ya koma sa baƙar riga a zafin Yauri. Ya koyi yin shiru a tsakiyar magana yana kallon sama. Wata mata ta kawo facin zane, ya tambaye ta wane labari take son zanen ya bayar. Ta naɗe abinta ta tafi shagon gaba.

Matsalar da zai warware kuwa bai sha wahalar samunta ba. A bakin ruwa ya gan ta. Ana miƙa wa fasinjojin jirgi rigar kariya mai ruwan lemo, alhazai na karɓa suna zama a kanta. Wa zai sha guga da turare, sannan ya ɗora abu kamar na mai ba da hannu a titi a bisa shadda? Nan take Sufyanu ya buga cinya. Babbar riga zai ɗinka wadda ita da kanta ce rigar kariya. Ka yi kwalliyarka, in jirgi ya kife ka ci gaba da zama a kan ruwa da hularka.

Ya faɗa wa Basiru. Basiru ya dube shi ya ce, "Kai da ko wanka a bakin gulbi ba ka yi? Kai ka iya ruwa?"

"Wanda yaƙ ƙera jirgin sama hiffike gare shi?"

Basiru ya ce a'a, ya kuma kunna masa wani jawabin. Wannan karon wata mata ce mai tabarau, tana nuna hotunan tsuntsaye da ganyaye. Basiru ya ce cewa take yi duk dabara tana jikin halittu, mutum ya je ya kalla ya kwaikwaya.

Washegari da hantsi aka ga Sufyanu kwance rub da ciki a cikin ciyawar bakin ruwa, yana leƙen ƙasan agwagi. Matan da ke wanki suka tattara zannuwansu suka matsa gaba. Mai agwagin ya zo da sanda, ya tsaya a kansa.

"Tela, lahiya? Na ƙirga su hwa."

Sufyanu ya ce, "Bincike nika yi, kak ka kore min su."

Bai rufe baki ba wani ƙaton toron agwagwa ya zagayo ta baya ya cafke shi a kunne. Ya tashi da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Amma ya ce bincike ya yi kyau, don ya gano sirrin agwagwa: ta ƙasa take da iska. Saboda haka duk abin da ke sa mutum ya taso, a gindin riga za a sa shi.

Sai neman kayan aiki. Ya bi masu kunun aya da zoɓo yana tsintar gorunan roba, har aka fara ce masa ko ya bar ɗinki ya koma bola. Gorunan za su zauna a gindin riga da ƙafafun wando. Ƙirji da kafaɗu kuwa suna son abu mai taushi wanda zai ba mutum cika da kwarjini, kuma Sufyanu ya san inda soso yake. Katifar matarsa Maimuna sabuwa ce, da sana'arta ta ƙuli-ƙuli ta saye ta. Duk sanda ta shiga maƙwabta, sai ya ɗaga zanen gado ya yanko ta ƙasa, ya mayar da zane ya shafe.

Wata azahar Maimuna ta gama suyar ƙuli, ta shigo ɗaki ta saki jiki a bakin gado. Sai ji ta yi ƙum, ta sauka a kan katako. Ta ɗaga zane ta ga rami kamar an haƙi ƙasar gini. Sufyanu na tsakar gida yana cin tuwo.

"Malam, mi yac ci katihwata?"

Ya yi shiru yana kallon sama, irin na Bature, sannan ya ce, "Maimuna, a ganinki ɓera na iya wanga aiki?"

"Ɓera da almakashi? Ga shatar yanka nan a miƙe!"

"To ki yi haƙuri. Katihwarki ta shiga tarihi. Nan gaba, in ana ba da labarin yadda anka daina nutsewa a tabkin Kainji, da sunanki za a hwara."

Maimuna ta ce, "Ni a bar ni a bayan tarihi, a maido min sosona." Ta ɗauke kwanon tuwon daga gabansa, da sauran loma a ciki.

Saura yadi. Sufyanu ya ce wannan ba aikin da za a yi da yadin makaranta ba ne. A ƙasan tebur kuwa akwai shaddar Alhaji Dogo dillalin albasa, ruwan sararin samaniya, mai maiƙo kamar a lasa. Alhaji ya kawo ta ne a yi masa babbar riga ta ɗaurin auren ɗiyarsa, ya kuma ja kunne a yi ta da kyau, don surukan daga Ngaski za su zo, masu ido ne. Sufyanu ya yi lissafinsa: Alhaji kullum yana cikin jirgi yana bin tsibirai sayen albasa, wa ya fi shi buƙatar rigar? Ai gata zai yi masa. In ya ga abin da aka yi da shaddarsa, sai ya yi kukan daɗi. Ya ce bismillah ya sa almakashi.

Basiru ya leƙo ya ga abin da ake yankawa, ya kama baki. Ya ce, "Ka gaya mishi?"

"Mai sanƙo ya ce mutane ba su san abin da suka so ba sai an nuna musu."

"Ni naf fassara maka, kuma ban ce da shaddar Alhaji ba."

Masu jawabin sun ce ba a fitar da abu sai an gwada shi a ƙarami. Sai Sufyanu ya ɗinka ’yar riga da guntayen yadi, ya jera mata goruna, ya je gidan Innarsa ya ce zai kai akuyarta kiwo. Inna ta yi ta sa masa albarka, ta ce yau yaron nan ya tuna da ita.

A bayan shago ya sa wa akuya riga. Ta yi taku ɗaya ta ji ƙwaram a bayanta. Ta sake taku, ta ji ƙwaram-ƙwaram. Sai ta fizge igiya ta ba ƙafa iska, kuma duk gudun da ta ƙara, abin da ke bin ta ya ƙara. Maimakon ruwa, kasuwa ta nufa. Ta bi ta kan tiren mai tumatir, ta shiga rumfar masu bandar kifi ta fito da kwando a ƙaho, karnukan mahauta suka rufa mata baya, Sufyanu na biye yana ihu a tare masa ita ta wajen gulbi. Ba ta tsaya ba sai a ƙarƙashin gadon Inna.

Da ya dawo shago yana haki, masu zaman benci sun cika, suna jiransa. Basiru ya ce, "Dizaina, yaya gwaji?"

Sufyanu ya share gumi ya ce, "Ku hwaɗi tsakaninku da Allah, ta nutse?"

Suka ce ba ta nutse ba.

"To mi kuka so kuma?"

Inna ta aiko a gaya masa in ya sake zuwa ko kusa da turkenta, sai ta ɗaure shi a wurin akuyar. Masu tumatir ma suka aiko da nasu saƙon, wanda ba ya maimaituwa. Duk bai dame shi ba. Ya sa ranar kasuwa, ya aro lasifikar mai tallar maganin basir, ya zaga gari yana shelar cewa kowa ya zo bakin ruwa ya ga ƙarshen nutsewa.

Ranar kuwa bakin ruwa ya cika maƙil. Masunta suka bar gyaran taru, ’yan dako suka ajiye buhuna, Fulani masu nono suka sauke ƙore, fasinjojin Shanga suka ce jirgi ya jira. Maimuna ma ta sako hijabi ta zo, ta ce sai ta ga inda katifarta za ta ƙare.

Sai ga Sufyanu. An ji shi kafin a gan shi, don kowane taku sai goruna sun amsa. An yanka rigar ne a tsawon Alhaji Dogo, shi kuwa Sufyanu gajere ne, sai gindinta ke share ƙasa. Ƙirjinsa ya yi tozo da soso, kafaɗu sun kai kunne, ƙafafun wando sun kumbura kamar an cusa kabewa. Ya lanƙwasa wata ’yar wayar ƙarfe ya ɗaura ƙaramin cokalin shayi a kumatunsa a madadin makirfo. Ya shimfiɗa wani jan ƙyalle a kan yashi, ya hau, ya fara kai da kawowa.

Ya ce, "Jama'a, ina son in tambaye ku. Mine ne ruwa?" Ya yi shiru yana kallon sama.

Wani masunci ya ce, "Ga shi nan bayanka."

Sufyanu ya yi kamar bai ji ba. Ya ba da labarin agwagwa, bai ambaci kunne ba. Ya ba da labarin akuya, ya ce gwaji ya nuna ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ya ce nan da baɗi za a riƙa zuwa daga Legas ana layi a shagonsa, kuma duk wanda ya yi masa dariya ba zai sami ragi ba. Daga nan ya buɗe hannu ya ce yana neman mutum ɗaya mai sa'a, wanda zai fara sa rigar ya shiga ruwa.

Wanda ya haɗa ido da shi sai ya hau duba wayarsa.

Basiru ya ce, "Ai mai sa'a ya riga ya sa ta. A jawabin da munka kalla, mai abu shi ka hwara gwada abinai."

"Ban tuna wanga wuri ba."

"Lokacin ka tahi hitsari."

Jama'a suka ɗauka, "Mai abu! Mai abu!" Umaru mai kwale-kwale ya matso da jirginsa ya ce kyauta zai kai shi. Kafin Sufyanu ya samo wata magana, ’yan dako sun ɗaga shi cak sun ɗora a jirgi. Umaru ya tura kaɗan, zuwa inda ruwa bai wuce ƙirjin mutum ba, ya ce, "Bismillah, Tela."

Sufyanu ya leƙa ruwa, ruwa ya leƙo shi. Ya miƙe ya ce kafin ya shiga yana da ɗan ƙarin bayani a kan tarihin babbar riga. Ya ɗaga hannu zai fara, ya taka gindin rigar, wata gora ta mirgine a ƙarƙashin ƙafarsa. Sai ji aka yi tinjim.

Abin mamaki, bai nutse ba. Rigar ta baje a kan ruwa kamar ganyen bado, shi yana tsakiya a zaune, hula a kai, cokali a kumatu. Bakin ruwa ya ɗauki kabbara. Har Maimuna sai da ta ce ikon Allah. Sufyanu ya duba hagu ya duba dama, ya ga da gaske yana sama, sai murya ta dawo.

"Ina masu dariya? Basiru, ɗauki hoto! Umaru, nemi wata sana'a!"

Yana cikin magana soso na shan ruwa. Katifa ce mai kyau, ba ta yi ƙyuya ba. Ƙirji ya fara nauyi, kafaɗu suka bi. Gorunan ƙasa kuwa suna nan a kan aikinsu, sama suke nema. Sufyanu ya ga ruwa ya zo masa haɓa, ya ga kuma ƙafafunsa na tasowa ta baya. Ya ce, "Wannan duk cikin tsari ne," sai ya ce, "Umaru," sai ya ce, "Inna!" Daga nan kai ya yi ƙasa, ƙafafu suka yi sama suna taka iska kamar yana kan keken ɗinki. Hula ta kama hanyar Kainji ita kaɗai.

Mai agwagi, da ke cikin taron, ya ce, "Wallahi ya kwaikwaye su sak. Haka suka yi in suna kiwo."

Maimuna ta fasa ihu, "Ku hiddo min shi! Ni ad da hakkin kashe shi, ba ruwa ba!"

Umaru ya riga ya diro. Ya kama ƙafa ya ja, rigar ta ƙi, don ta yi nauyin buhun albasa jiƙaƙƙe. Wani masunci ya watsa birgi, ragarsa ta kamun kifi, ya rufe Sufyanu da rigar gaba ɗaya, aka taru ana ja ana ba da amshi kamar an kamo giwan ruwa. Aka zube shi a kan yashi, cikin raga, yana tari yana fitar da ruwa ta hanci. Da aka ga ya buɗe ido yana neman cokalinsa, sai dariyar da aka riƙe ta ɓalle.

Daidai lokacin jirgin albasa ya iso daga tsibiri, Alhaji Dogo na zaune a kan buhuna. Tun daga nesa ya hango ƙafafu a sama, kuma babu wanda ya kai shi dariya. Ya sauko yana share hawaye, ya ratsa mutane yana cewa a bar shi ya ga gwanin. Ya tsaya a kan Sufyanu. Dariyar ta fara raguwa. Ya sunkuya ya kama bakin rigar, ya goge laka da babban yatsa.

"Tela, wagga shadda irin tawa ce."

Sufyanu ya ce, "Ranka shi daɗe, ai ka iya zaɓe."

"Ina tawa?"

"Alhaji, kai da ita ba a raba ku. Ga ta ga ka."

Alhaji ya miƙe a hankali. Ya cire hularsa ya miƙa wa na kusa da shi ya riƙe masa. Mutum huɗu suka tare shi, yana cewa a sake shi, tambaya kawai zai yi. Da ya ga ba za a sake shi ba, ya ce to a tuɓe masa rigarsa yanzu-yanzu, kuma ranar ɗaurin aure in bai ga sabuwa irinta ba, keken ɗinkin Sufyanu zai sa ya tafi masallaci.

Aka warware raga, aka kama riga ana ja ta kai. Ta fito da ƙyar, ta bar Sufyanu daga shi sai singileti da wandon goruna. Da aka ɗaga ta, sai aljihun ƙirji ya motsa. Kowa ya ja da baya. Wata ƙatuwar tarwaɗa ta sulluɓo ta faɗo a kan yashi tana watsal-watsal.

Sufyanu ya dubi kifi, ya dubi jama'a. Ya miƙe tsaye, haƙora na kaɗawa, ya ɗaga yatsa.

"Kun gani? Abin da ban kai ga hwaɗa muku ba ke nan. Riga ce mai kamun kihi. Masunci ba shi buƙatar taru, shiga kawai zai yi."

Mai birgi ya ce kifinsa ne, daga ragarsa ya shiga. Alhaji Dogo ya ce a aljihun wa aka same shi? Umaru ya ce shi ya jiƙa wandonsa. Ana cikin wannan Maimuna ta ratso tsakiyarsu, ta sa yatsu a kunnen tarwaɗa ta ɗaga ta. Ta ce duk wanda aka yanke wa katifa a cikinsu ya zo ya karɓa. Babu wanda ya matso.

Ta juya ta kama hanyar gida. Sufyanu ya bi bayanta, goruna na ƙwaram-ƙwaram, yara na amsawa da tafi. Da suka kai kwanar shago ya rage murya ya ce, "Maimuna, tunda dai ni nak kamo ta, a sa min tsakiya."

Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Kai za ni ba ka, Malam. Shi ne ba ka da shi."